Sallahu a Kan Keke

Kwanakin baya wasu samari biyu suka tsaya a bakin rumfata suna kallon kekunan da ke jingine da katanga, kowanne da salula ɗaure a kansa. Ɗayan ya zunguri ɗan'uwansa ya ce, "Wai wannan ita ce sana'ar? Ka ɗaure salula a keke, ka kira mutum kana yi masa tatsuniya? Ai ko ni gobe sai in buɗe tawa." Da ƙarfi ya faɗa, shi ya sa na ji. Maganar ta tsaya mini a rai, don haka bari in ba ku amsar, ku da shi duka.

Sunana Ilu, a unguwar Zango ta nan Damagaram na tashi. Gyaran keke na koya, daga baya na zama mai murya a wani wasa da muke kira Sallahu, wanda ake yi a kan keke da salula. Da kunne ake riƙe wasan nan, ni kuwa kunnena ya kama hanyar tafiya. Abin da ya fi damuna a ƴan shekarun nan ke nan, kada wasan ya bi kunnen su tafi tare ba wanda ya karɓa.

Tayar farko da na miƙar ta wani mai sayar da itace ce, kaya sun lanƙwasa ta har tana tafiya kamar mai ɗingishi. Kafin ranar na daɗe ba abin da nake yi sai wanke sarƙa a kalanzir da buga famfo. Maigidana Maina, wani Babarbare mai ƙarancin magana, ya kifar da keken ya juya tayar. Na sunkuya ina zare ido in ga inda ta karkace, sai ya ce, "Rufe idon nan, ba shi nake koya wa aiki ba." Ya sa ni in bi wayoyin tayar ɗaya bayan ɗaya ina ƙwanƙwasa su da farce. Wadda ta saki ƙararta a dakushe take, wadda aka matse fiye da kima kuwa siririn kuka take yi. Haka na wuni ina matsewa ina sassautawa har suka zo murya ɗaya. Da na buɗe ido tayar ta miƙe. Maina bai ce madalla ba, wata tayar ya turo mini da ƙafa.

Na ci zamanin hayar keke, lokacin da ranar salla sai ka raba samari faɗa a kan wanda zai hau. Sai kabu-kabu suka cika gari. Mutum ya ga zai iya zama a bayan mashin a kai shi har ƙofar gida ba gumi, me zai yi da feda? Kekunana suka koma wurin shanyar tsumma.

Wata la'asar ina faci sai ga wata mata ta sauko daga kabu-kabu, da jaka a kafaɗa. Madam Zara ke nan, malamar lakkwal, wato makarantar boko, kuma shugabar wasu ƴan teyatur masu wasan kwaikwayo.

"Malam Ilu, kekunan nan naka suna tafiya kuwa, ko ado ne?"

"Suna tafiya, Madam. Mahaya ne suka daina."

"Bon. Dukansu nake so ran Asabar. Teyatur za mu yi."

"A kan keke?"

"A kan keke. Na gaji da mutane suna zaune suna cin gyaɗa suna kallonmu. So nake su shiga ciki."

Na ce a raina matar nan karatu ya yi mata yawa. Amma kekunan ba abin da suke tsinana mini, sai na ce to.

Ga yadda labarin yake. Wanda ya hau keken shi ne ɗan kallo, shi ne kuma ɗan wasa. Za a ce masa shi falke ne, ya dawo daga doguwar tafiya ta arewa. Abokin tafiyarsa ya rasu a hanya, ya bar masa sallahu ya kai wa mahaifiyarsa a cikin Birni, tsohuwar unguwar garin nan, amma bai san gidan ba. Muryar madugu ce a kunnensa take yi masa jagora. Dole ya samo gidan ya isar da sallahun kafin kiran magariba, in ba haka ba ya faɗi wasa.

Ɗaurin salula shi ne aikina na farko a wasan, kuma kada ku raina shi. Daga tsohuwar robar cikin taya nake yanko igiya mai faɗin yatsa biyu. Sai in naɗe tsumma a kan keken in ɗora salular a kai, don in ka ɗora ta a kan ƙarfe tsirara, kafin a kai Birni girgiza ta kashe ta. Ɗaurin kuma gicciye ake yi, a bar bakin salular a buɗe yana kallon mahayi. Igiyar kunne, wadda yara ke ce wa ekuter, nakan yanke mata kunne ɗaya in yar. Madam ta yi ta mita a kan ɓarnar da nake yi, na ce mata kunne ɗaya na wasa ne, ɗayan na amalanke da jaki da yaron da zai fito da gudu daga lungu.

Asabar ɗin farko ta zo mana da abin kunya. Madam ta ɗauki muryar madugu ta zuba a cikin saluloli, ta auna hanyar da agogo, komai ƙididdige. Abu ɗaya ta manta, mu ma duk muka manta, wato gaisuwa. A lungunan Birni ba a wuce dattijo a kan keke, sai ka sauka ka gaishe shi. Mahayan suka rabu gida biyu. Masu tarbiyya suka sauka, kafin su gama ina gajiya ina iyali muryar ta yi gaba abinta, tana ce musu su juya hagu a inda ba komai sai katanga. Waɗanda suka bi muryar kuwa suka riƙa shararawa ta gaban dattawa ko kallo babu.

Washegari da hantsi sai ga Malam Abba baduku, wanda ke zama a kusurwar wani lungu a Birni yana ɗinkin fata tun kafin a haife ni. Ya dogara sandarsa a bakin rumfa.

"Ilu, ɗan gidan wa ka ɗora jiya a keke ya wuce ni kamar ya wuce tulu? Ubansa ni na ɗinka wa takalmin sallarsa ta fari."

Madam tana nan. Ta durƙusa har ƙasa ta ba shi haƙuri, sannan ta ce, "To Baba, tunda ba a wuce ka, sai mu sa ka cikin wasan."

"Ni ba ɗan teyatur ba ne, ƴar nan."

"Ba abin da za ka yi. A gaishe ka, ka amsa, ka ba mutum guntun fata, ka nuna masa gaba."

"Wannan kam na iya."

Daga nan wasan ya samu ƙafa. Muka samu masu tasha irinsa, waɗanda mahayi zai tsaya a wurinsu: wata mai ƙosai, wani tela, wani marini. Kowanne yana riƙe da guntun labari da guntun fata. Wanda ya haɗa fatun shi zai gane ƙofar gidan, inda wata ƴar wasanmu take zaune a zaure a matsayin uwar mamacin. Muka kuma watsar da muryar da aka ɗauka. Mai murya zai zauna a rumfata da tasa salular, ya kira mahayi, su tafi tare daga farko har ƙarshe. A mararraba mahayi ne ke zaɓar hanya da ƙararrawa, bugu ɗaya dama, biyu hagu, kowace hanya da nata labarin. Kowane keke na nema masa ƙararrawa mai muryarta daban.

Yadda na zama mai murya kuwa, shisshigi ne ya ja mini. Ƴan wasan Madam sun iya magana, amma ba su san inda mahayi yake ba, sai su yi ta tambaya, "Kana ina yanzu?" Madugun da ke tambayar falkensa hanya ai ya tashi daga madugu. Wata rana ina zaune gefe ina faci, ƙarar tana fitowa daga salular wani, na ce, "Ya kai gangaren marina, ba ka ji ya daina taka feda ba?" Madam ta juyo ta dube ni, irin kallon da mahauci ke yi wa rago. Daga ranar na shiga koyon aiki karo na biyu da furfurata.

Ta sha wuya da ni. Muryata irin ta masu kiran ciniki ce, sai ta sa ni in fuskanci katanga in yi ta maimaita zance ɗaya. "Ba wa'azi kake ba, Malam Ilu. A bakin kunnensa kake, rage." Abin da ya fi komai wuya shi ne yin shiru. Da mahayi ya ce salamu alaikum, sai ka kama bakinka har a gama gaisuwa, ko da kuwa kana tsakiyar magana mai daɗi. Kuma ba shirun banza ba ne, saurare kake yadda aka amsa. In an amsa da fara'a, ka ci gaba da raha. In an amsa ƙasa-ƙasa, ko an jinkirta, to akwai ciwo ko rasuwa a gidan, sai ka sassauta murya, ka bar wasan dariyar da ke lungu na gaba. Wannan ba a rubuce yake ko'ina ba, kullum garin da yadda yake tashi.

Ni da ban taɓa barin kujerar rumfata ba, na san Damagaram ta kunne fiye da yadda na san ta da ido. Na san inda taya ke barin kwalta ta shiga rairayi. Na san bugun maƙera, da tafasar man ƙosai, da lungun da yake da ƙunci har ƙarar keke take dawowa. Na san wurin da ke tsakanin duwatsun Birni inda rezo, wato layin waya, ke ɗaukewa, har muka mai da shi cikin labari. Kafin a kai nan sai in ce, "Falke, zan bar ka kaɗan, bi katangar nan kada ka waiwaya." Mahayi ya yi wannan ƴar tafiyar shi kaɗai gabansa na faɗuwa, sai ya ji muryata ta dawo. Wallahi ina kewar wannan sauraro. Ba abin da na ci a duniya da ya yi mini daɗinsa.

Mahaya kuwa na ga iri-iri. Wani manomi daga Gaffati ya kawo gyaɗa kasuwa, ɗansa ya tura shi ya gwada. Tun daga lungu na biyu ya fara gardama da ni. "Madugu, wannan hanyar ba ta ɓullewa, ni na san Birni." Na ce ya bi dai. Da ya isa zauren, ƴar wasanmu ta tambaye shi ina ɗanta, sai na ji mutumin ya tsuguna ya yi mata ta'aziyya sosai, da addu'a da komai, har ya ce in an yi girbi zai aiko mata da damin gero. Ya dawo rumfa idonsa jajur, ya ce mini, "Kai, ba ka da kirki. Ka san nauyin labarin mutuwa, ka aike ni da shi?" Wani ma'aikaci kuma da aka turo daga Yamai, sanye da kwat, ya isa ƙofar ya kasa faɗar labarin rasuwar. Ya ce wa uwar ɗanta yana nan tafe a ayari na baya. Ban ce masa ya faɗi wasa ba, ko da yake a ƙa'ida ya faɗi.

Sai muguwar shekara ta zo. Damina ta yi ƙarfin da katangun ƙasa suka riƙa zubewa a Birni. Lungun da muke bi ya toshe, wani sabo ya buɗe ta cikin gidan mutane. Mai ƙosanmu ɗakinta ya faɗi, ta koma wurin ƴarta a Dirum ba ta dawo ba. Marini ya rufe. Ruwa ya shiga rumfata ya lalata rabin salulolin. Kafin mu farfaɗo aka yi wa Madam canjin wurin aiki zuwa can gabas. Ƴan wasa suka watse, wannan ya tafi Agadas, wancan ya kama kabu-kabu. Da rani ya shigo, da ƙafa na bi lungunan ina sake koyon ƙararsu, don inda katanga ta faɗi sauti ma ya canza. Na samu sababbin masu tasha biyu, Malam Abba yana nan a kusurwarsa, na ci gaba ni kaɗai. Mai murya ɗaya, mahayi ɗaya, Asabar zuwa Asabar.

Bara wani mutum ya zo ya zaɓi koren keke, wanda ƙararrawarsa ta fi kowacce kaifi. Muka tafi lafiya har mararrabar farko. Na ce, "Falke, zaɓi hanyarka." Na jira, ban ji komai ba. Na sake faɗa. Sai ya ce, "Baba, na buga fa, sau biyu." Na ɗauka ƙararrawar ce ta mutu. Da ya dawo na karɓi keken na buga da hannuna, ina ganin yatsana yana motsi, abin da ke zuwa mini kuwa kamar daga ƙarƙashin bargo. A asibiti suka leƙa suka ce shekaru ne da bugun guduma, kunnen dama ya tafi, na hagu yana biye. Na dawo na zauna ina kallon kekunan. Tsoro ya kama ni ranar, ba zan ɓoye ba.

Ana cikin haka Fanna ta zo. Ɗaliba ce a jami'a, ilimin na'ura take karanta, ta taɓa hawa wasan tana ƙarama. Ta buɗe salularta ta nuna mini taswirar Birni da wani ɗigo yana tafiya a kai.

"Baba Ilu, ka gani? Da aplikasiyon ba sai ka saurara ba. Salular da kanta ta san inda mutum yake."

Na duba, abin ya burge ni, gaskiya. Da muna da shi tun farko da an huta da tambayar kana ina. Na ce, "Ƴata, ta san an amsa sallama ko ba a amsa ba?"

"Ba tukuna."

"To ni kuma kunnena ba zai jira tukuna ba."

Ta juya salular a hannu, sannan ta ce, "To ka koya mini ni."

Ta zauna gefena Asabar da yawa da ekuter a kunne. Yarinya ce mai kai, labarin duk ta haddace, ɗigonta kuma yana nuna mata hanya. Amma surutu! Mahayi yana tsakiyar ina kwana ita tana tsakiyar ayarin raƙuma. In na harare ta sai ta ce, "Baba, in na yi shiru ai sai ya zaci rezo ne." Na fara fid da rai. Daga gefe ba na iya jin abin da take ji, balle in gyara mata. Sai na ce hanya ɗaya ta rage, ta zauna a kujerar, ni in hau.

Ku yi dariya in kuna so, shekarun nan duka ban taɓa hawa wasan ba. Bayan la'asar na ɗaura salula da hannuna, na sa ekuter a kunnen hagu, na taka. Muryarta tana zuwa mini siririya, rabi in ji rabi in cika da abin da na sani. A wurin tela ta yi magana a kan gaisuwata, na ciji leɓe na wuce. Lungunan da na sani da kunne na riƙa ganinsu da ido kamar baƙo, ashe lungun nan mai dawo da ƙara ƙofofinsa shuɗɗa ne.

Na iso kusurwar Malam Abba na sauka. Tabarmarsa tana nan, ba ya kai. Na yi sallama a bakin zaure. An daɗe kafin ɗansa ya leƙo, ya amsa a hankali, ya ce in shigo. Tsohon yana kwance, ya rame ƙwarai. Na tsuguna na gaishe shi, ya kama hannuna ya riƙe. Da ƙyar ya laluba ƙarƙashin matashi ya ciro guntun fata ya danƙa mini, ya nuna gabas da yatsa. Duk zaman da na yi a zauren nan ba abin da ya shigo kunnena na hagu. Na fito ina tura keken, zuciyata a dagule. Ban sani ba, Fanna ce ta yi shiru, ko kunnen ne ya ƙarasa tafiya a wannan zauren.

Ban ƙarasa wasan ba, rumfa na juyo. Tana zaune a kujerar da salula a hannu. Na tsaya a gabanta yadda zan ga bakinta.

"A gidan Malam Abba, me kika ce mini?"

"Ban ce komai ba, Baba."

"Rezo ne ya ɗauke?"

"A'a. Na ji ka yi sallama ba a amsa da wuri ba. Da aka amsa kuma, muryar ba ta yi mini daɗi ba. Sai na jira ka."

Na jingine keken, na kwance robar, na miƙa mata salular. Na ce ran Asabar ta zo da wuri, akwai mahayi.

Yanzu ita ce a kujerar. Ni ina bakin rumfa ina faci, ina ɗaura saluloli, ina yanke wa ekuter kunne. Hankalina ya kwanta, amma kewa ba ta bar ni ba. Nakan ajiye aiki in zuba wa fuskarta ido, ko zan gane daga nan inda mahayi ya kai da abin da garin yake cewa. Asabar da ta wuce na ga ta rufe baki da hannu tana ƙunshe dariya, idonta har da ƙwalla. Na matso kusa na ce, "Mene ne? Wa ya yi magana? Me ya ce?" Ba ta dube ni ba. Ta ɗaga mini hannu alamar in yi shiru, ana gaisuwa.